Babi na Tara: Bergen, Birnin da Busasshen Kifi Ya Gina

Duk wanda ya shirya zuwa Bergen a watan Yuni ko Yuli, abu na farko da 'yan'uwa za su gaya masa shi ne wai can rana ba ta faɗuwa. Wannan magana ta ishe ni. Rana tana faɗuwa a Bergen, sai dai takan makara. A ƙarshen Yuni sai wajen ƙarfe 11 na dare take ɓacewa, da ƙarfe 4 da 'yan mintoci kuma ta sake ɓullowa. Mai son ganin rana tsakar dare sai ya ƙara gaba sosai zuwa arewacin Norwe. Abin da yake gaskiya shi ne duhu ba ya kammaluwa, shafaƙi yana nan har asuba, shi ya sa Musulmin garin ke ƙiyasta lokacin Isha'i. Kuma kada a bar lema a gida. Ruwan da ke sauka a Bergen a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na Kano, bai kuma san wata bazara ba.

Birnin yana gaɓar yammacin Norwe, duwatsu sun kewaye shi, Sarki Olav Kyrre ne ya kafa shi wajen shekarar 1070. Baƙi kan hau jirgin da igiya ke ja zuwa kan dutsen Fløyen, har tsayin mita 320, su ɗauki hoto su sauko. Ba laifi. Amma ni abin da ya kamata a je gani yana ƙasa, a bakin ruwa.

Can ne Bryggen, jerin gidajen katako masu launin ja da rawaya, wasu sun karkace suna jingine da juna. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Masu yawon buɗe ido na ɗauka gidajen masunta ne. Ina! Rumbuna ne da ofisoshin fataken Jamus na ƙungiyar Hansa, waɗanda suka kafa cibiyarsu a nan wajen 1360, ba ta rufe ba sai 1754. Wurin ya yi kama da zangon fatake: baƙi zalla, maza zalla, da shugabanninsu da dokokinsu. An hana su aure, an kuma hana hura wuta a cikin gidajen duk tsananin sanyi, sai a wasu zauruka na musamman a baya. Duk da haka gobarar 1702 ta cinye wurin, don haka yawancin abin da ake gani yau bayanta aka gina, bisa tsohon fasali.

Me ya zaunar da Bajamushe shekara kusan 400 cikin wannan sanyi? Kifi. Kuma ba a Bergen ake kama shi ba. Kowane hunturu kifin kod yakan taso daga Tekun Barents ya zo tsibiran Lofoten don yin ƙwai. Masunta su kama shi, su fafe ciki, su cire kai, su ɗaure bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan dogayen katako daga Fabrairu zuwa wajen Mayu. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba wuta. Ina nanata wannan domin mutane da yawa sun rantse da gishiri ake yin sa; mai gishirin wani abu ne daban. Iska ce kawai, a yanayin da sanyi ya hana ƙuda da ruɓa, amma bai kai ya daskarar da naman ya lalata shi ba. Kifin ya bushe ƙarau, ya shekara da shekaru bai ɓaci ba. Da bazara a loda shi a jiragen ruwa zuwa Bergen, Jamusawa su karɓa, su ba da hatsi, wanda arewa ba ta iya nomawa yadda zai isa.

Akwai labarin da ba na gajiya da shi. Wani matuƙin jirgi ɗan Benis ta Italiya, Pietro Querini, guguwa ta farfasa jirginsa, ruwa ya yi ta yawo da shi da sauran mutanensa har ya jefa su kusa da tsibirin Røst a Janairun 1432, bayan yawancinsu sun mutu. Masunta suka tsince su, suka ciyar da su wata uku. Da zai koma gida ya tafi da busasshen kifi guda 60. Har yau Italiya ce ke sayen mafi kyawun kifin Lofoten.

Kawunan da aka cire fa? Su ma ana shanya su, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Cinikin ya girmi yaƙin basasa, amma agajin da aka kai lokacin yaƙin, 1967 zuwa 1970, ya ƙara kafa shi. Wanda ya taɓa wucewa layin masu okporoko, wato wannan busasshen kifi, a kasuwar Sabon Gari ya riga ya san warin da ya arzuta Bergen.

Sauran abubuwa a taƙaice: gidan mawaƙi Edvard Grieg na wajen gari, kuma a Bergen ne likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873. Tsohon asibitin kutare na St. Jørgen yanzu gidan tarihi ne, da bazara ake buɗe shi.