Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa Da Ke Ɗauke Da Arewacin Kamaru

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya san wannan gurnani. Tun kafin ka hango jirgin kaya za ka ji ƙasa na rawa, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, sannan kan jirgin ya bayyana yana jan taragu. Yara kan bar wasa su yi ta ƙirga taragun. Akwai kuma manya, har da mai wannan rubutu, waɗanda daga jin kukan inji suke gane wane kai ne ke tafe.

Wanda ya fi shiga ranmu shi ne samfurin CC 2200. A birnin Montreal na ƙasar Kanada aka ƙera waɗannan kawuna, aka kawo su Kamaru a farkon shekarun 1980, zamanin hukumar Regifercam. Ke nan sun haura shekara 40. Da kamfanin Camrail ya karɓi layin dogo a 1999, ya gaje su, kuma duk da sababbin da aka sayo daga baya, ba a daina dogaro da tsofaffin ba.

Mai karatu zai so sanin yadda suke aiki. Injin gazuwal da ke cikinsu, mai ƙarfin doki kusan 2,000, ba shi ne ke juya ƙafafun kai tsaye ba. Janareto yake juyawa, wutar da ta fito kuma ta tafi ga wasu injinan lantarki da ke ƙarƙashi, su ne ke murza ƙafafun. Hayaƙin nan da yara ke wa shewa kuwa, yana fitowa ne idan direba ya ƙara wuta, mai ya riga iska shiga injin.

Aikinsu ba ƙarami ba ne. Layin ya iso Ngaundere a 1974, kuma a nan ya tsaya. Daga Duwala, tafiyar kusan kilomita 900 ce a kan siririn layi mai faɗin mita ɗaya. Man fetur, fulawa, taki da kwantena na sauka a nan, manyan motoci su kwashe zuwa Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena. A komawa kudu, jirgin kan ɗauki auduga da shanu, ya ƙara da katako a Belabo. Idan kai ɗaya ya tsaya a daji, ɗan dako, direban mota da mai shago duk sai sun ji a jikinsu.

A nan damuwar take. Tun 1985 masana'antar da ta ƙera su ta daina yin kawunan jirgi. Abin da ke riƙe da su shi ne hannun makanikai, musamman na babban garejin Bassa da ke Duwala, masu kwance inji su sake ɗaure shi.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ƙarfe ma yana gajiya. Fatanmu shi ne a ci gaba da sayo sababbi tun tsofaffin ba su durƙushe ba, a kuma koya wa matasa aikin kafin dattawan gareji su yi ritaya. Ranar da za a sallami na ƙarshe, don Allah kada a sayar da shi a kilo. A ajiye ɗaya a bakin tashar Ngaundere, jikokinmu su ga abin da ya jawo abincin kakanninsu.