Abin da Ke Korar Nas-Nas Daga Asibitocin Kano

Mutumin Goron Dutse da ciwo ya kama cikin dare ba ya rasa inda za a kai shi. Ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa, ga kuma Asibitin Murtala Muhammad can wajen Ƙofar Mata, wanda tsofaffi suka sani da sunan Asibitin Birni. Gini dai akwai shi. Amma idan an ba shi gado, masu jinyarsa sukan tarar da nas guda ko biyu ne ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya har gari ya waye.

Ita wannan nas ita ce mai allura, ita ce mai wanke ciwo da canza ƙarin ruwa, ita ce kuma mai rubuta rahoton da likita zai duba da safe. In wuta ta ɗauke, da fitilar wayarta za ta nemi jijiya. In magani ya yanke, ita dangin maras lafiya ke gani, watau ita ke shan faɗan laifin da ba nata ba. A shekarar 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta fi tsanani a Jihar Kano, irin waɗannan ma'aikata ne suka tsaya kan yaran da aka kwantar, alhali su ma suna da 'ya'ya a gida.

Sakamakon wannan kasada kuwa bai taka kara ya karya ba. Shekara da shekaru Naira 5,000 ce kacal alawus ɗin haɗari na wata ga ma'aikacin lafiya na Gwamnatin Tarayya, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi, ba a jima ba kuma tsadar kaya ta cinye ƙarin.

Barin aikin yana da matakai kamar tsani. Wadda aka tura ƙauye, inda babu gidan ma'aikata mai kyau ko makarantar da za ta sa 'ya'yanta, nema take a dawo da ita birni. Ta birni kuma idonta na kan asibitocin Tarayya, irin su na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, domin ana ganin can albashi da ƙarin girma sun fi tafiya kan ƙa'ida. Daga nan sai Saudiyya ko Ingila. Abin lura shi ne, ƙwararru ne ke fara tafiya, waɗanda ya kamata a ce su ne ke koya wa sababbin da suka fito daga makaranta. Duk wadda ta tafi, aikinta kan wadda ta rage yake komawa, ita ma sai ta soma neman hanya.

A watan Fabrairu na 2024, Magatakardan Hukumar Nas-Nas da Ungozoma ta Nijeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa kimanin nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Maganin da hukumar ta kawo a lokacin shi ne sharaɗin cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan kammala karatu kafin a tantance masa takardun fita. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Ikko. Hujjarsu a fili take: an rufe ƙofa, amma ba a gyara ɗakin ba.

Ran 30 ga watan Yuli, 2025, ƙungiyarsu ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai, ta janye ran 2 ga Agusta bayan zama da Gwamnati. Bukatun da ta gabatar sun ƙunshi gyaran alawus na aikin dare da na kayan sawa, da tsarin albashi nasu na kansu, da ɗaukar sababbin ma'aikata masu yawa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mai jinya daga Goron Dutse, wanda ke tsaye bakin gado da ƙarfe biyun dare yana jiran nas ta gama da mutum goman da ke gabansa.