Abin da Daji Ya Ɓoye

Kwanakin baya, bayan na sauko daga aikin dare, na kalli Mare of Easttown, shiri mai kashi 7 da tashar HBO ta Amurka ta fitar a 2021. Kate Winslet ce ta fito a 'yar sanda mai bincike, uwa kuma kaka.

An tsinci gawar Erin, 'yar shekara 17 mai ɗa ƙarami, a rafi cikin daji. Aikin jinya ya koya mini wahalar irin wannan wuri: ruwa yana wanke jini, sanyi kuma yana rikita lissafin lokacin mutuwa. Ashe ma ba nan aka kashe ta ba. Yatsanta da aka tsinta a wani wurin shaƙatawa, da harsashin da ya maƙale a bishiya, su suka tona asiri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daren nan matasa sun taru a daji, an lakaɗa mata duka, an ɗauka a waya, iyaye ba su da labari.

Ba shirin yara ba ne. Amma ke uwa, yaushe rabonki da zama ki saurari 'yarki?