GIGIN TSUFA: KAI TSOHO BAYAN GIDA BA TARE DA AN TOZARTA SHI BA

A Kanambakashe, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maraɗi, da zarar hatsi ya shiga rumbu magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wasu Nijeriya, wasu Agadas. In akwai tsoho mai gigin tsufa a gida, ɗawainiyar kai shi bayan gida takan faɗa kan matar ɗansa, wadda ko sunansa ba ta iya ambata saboda kunyar surukuta.

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba kuwa aikin iskoki ba. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa a shekarar 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 57 a 2021. Tsohon da ya ɓata tufafinsa ba kunya ya rasa ba. Hanyar salga ce ta ɓace masa cikin gidan da ya gina da hannunsa, ko kuwa ya kasa kwance mazagin wando kan lokaci.

Don haka kada a jira ya tambaya. A riƙa kai shi da asuba, da bayan cin abinci, da kafin barci, tsakani kuma bayan kowace awa biyu ko uku. Lokutan salla na taimakawa ƙwarai: wanda ya shekara sittin yana ɗaukar buta in an yi kira, jikinsa bai manta ba. Ya isa a miƙa masa butar a ce: «Baba, tashi ka kama ruwa.» In aka ga yana jan riga ko yana zagaye tsakar gida, to lokaci ya yi.

Tsugunne na wahalar da tsofaffin gwiwoyi. Kujerar da aka huda tsakiyarta, da gungumen da aka kafa don dafawa, suna hana faɗuwa. A duba bakin ramin, musamman da damina. Da dare a aje masa bokiti mai murfi da fitila a ɗaki. Wando mai roba ya fi mai mazagi.

Batun kunya kuwa, kafin maigida ya kama hanya wajibinsa ne ya tsai da namijin da zai riƙa yi wa mahaifinsa tsarki, ƙane ko jikan da ya girma. Tsohuwa kuma a sama mata mace. In kuskure ya auku, a kori yara, a wanke, a sauya tufafi, ba faɗa ba dariya.

Wasu na rage wa tsoho ruwan sha don fitsari ya ragu. A zafin bazara wannan ganganci ne mai iya kisa, yana kuma jawo taurin ciki da ciwon mafitsara. In ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, ko zazzaɓi ya zo, ko fitsari na zafi, a kai shi gidan likita na Kanambakashe a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin Mayahi.