Me ya sa labarin damina ba ya isa ga manomi?

A birnin Yamai akwai wata cibiya mai suna AGRHYMET. An kafa ta a shekarar 1974, bayan babban farin da ya hallaka dabbobi da amfanin gona a ƙasashen Sahel. Kowace shekara, kafin damina ta faɗi, masananta da takwarorinsu na maƙwabtan ƙasashe sukan fitar da hasashe: ko ruwa zai sauka da wuri, ko zai yi jinkiri. Ana sa wannan labari a intanet, wato hanyar da wayoyi da kwamfutoci suke aika wa juna rubutu da murya da hoto. Mutumin da ke Faransa zai iya karanta shi nan take. Amma manomin ƙauye, wanda domin shi aka yi aikin, sau da yawa ba ya samun sa, sai fa in ya ji a rediyo.

Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2024, cikin mutum 100 na ƙasashe masu arziki, 93 suna amfani da intanet. A ƙasashe matalauta kuwa 27 ne kawai. Ba wayo aka fi mu ba. Ga inda gizo yake saƙa.

Mutane da yawa suna zaton intanet ta iska take zuwa. Gaskiya ita ce, mafi yawanta tana bin manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Wayoyin nan suna fitowa a biranen bakin ruwa, kamar Kwatano da Legas da Abijan. Nijar ba ta da teku. Daga Kwatano zuwa Yamai ya fi kilomita 1000, kuma sai an haƙa ƙasa an binne waya duk tsawon hanyar, ta Gaya da Doso. Kamar buhun takin zamani ne: kafin ya iso daga tashar jirgin ruwa, kuɗin mota ya hau kansa. In kuma hanyar ta lalace, mu ma ta shafe mu. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin teku suka katse kusa da gaɓar Kodibuwa, sai intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, har da Nijar.

In ta iso Yamai ma da sauran aiki. Faɗin ƙasarmu murabba'in kilomita 1,267,000 ne, ƙauyuka kuma a warwatse suke. Kamfanin waya ɗan kasuwa ne. Yakan kafa eriyarsa inda jama'a suka yi yawa kuma suke da kuɗin saye, ya bar rugage da ƙananan garuruwa a baya.

Sai maganar wuta. Waya ba ta aiki sai da caji, eriya ma haka. A Nijar, kusan mutum 1 ne cikin 5 yake da wutar lantarki, kuma yawancinsu a birni suke. Shi ya sa ɗan ƙauye yakan jira ranar kasuwa ya biya mai janareto ko mai farantin hasken rana ya yi masa caji. Ko birnin bai tsira ba: a watan Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana, unguwannin Yamai sun sha duhu na awoyi masu yawa. Ma'aikacin ƙaramin asibitin karkara da yake son aika hoton ciwo ga babban likita yana bukatar wuta da eriya da kuɗin kati, duka a lokaci guda.

Akwai kuma shingen da masu karanta wannan shafi suka san shi sarai. Fiye da rabin manyan ƙasarmu ba su iya karatun boko ba, kuma abin da ke cikin intanet yawancinsa da Ingilishi da Faransanci ne. Na Hausa da Zabarmanci kaɗan ne. A ganinmu wannan shinge ya fi sauran sauƙin rushewa, domin ba ya bukatar miliyoyin kuɗi.

An ma gwada an gani. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula take yaɗuwa. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa yakan buga waya ya tambaya kafin ya ɗora kaya. Daga baya, a 2009 da 2010, aka shigar da wayar salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan Doso da Damagaram. Ɗaliban da aka koya wa rubuta saƙo a waya sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi.

Haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, wadda ake kira RECA, ita kuma ta bi ta hanyar murya. Manomi yakan ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci ya aika ta WhatsApp, malamin gona ya amsa masa da Hausa ko da Zabarmanci, ya faɗa masa sunan ƙwaron da maganin da ya dace.