Digiri ko Sana'ar Hannu: Me Za Mu Faɗa wa 'Ya'yanmu?

Duk shekara idan jami'o'i suka fara ɗaukar ɗalibai, ofishin fasto ba ya rabo da baƙi. Bana wata gwauruwa daga Zumuntar Mata, mazauniyar Dakata, ta tsaya bayan sujada. Ɗanta ya sami gurbi a jami'a, amma shekara biyu ke nan yana koyon gyaran janareto, har ogansa ya fara tura shi aiki shi kaɗai. Tana so ta sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi take ciyar da gida, ta biya kuɗin rajista. Ta ce, "Baba Fasto, ba na so a ce ɗana bakanike ne kawai."

Wannan "kawai" ɗin ne ya tsaya mini a rai, domin na sha jin sa a bakin dattawan ikkilisiya ma.

Ba banza iyayenmu suka ɗauki digiri da girma haka ba. Lokacin da Jami'ar Bayero ta tsaya da ƙafarta a 1977, masu digiri kaɗan ne, aiki ne yake neman su. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suna aiki dare da rana, masaƙu da majemu da kamfanonin alewa da na roba suna ɗibar ma'aikata. Yawancin iyalan da suka cika majami'unmu a Kano, daga Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa, wannan aikin ne ya kawo su. Daga 1986, da tsarin SAP ya zo, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masana'antu da yawa suka rufe. Zamani ya juya, amma lissafin iyaye yana nan inda yake.

Ku je ƙofar wata masana'anta a Sharada da sassafe. Za ku ga matasa a tsaye suna jiran a ɗauke su aikin lebura na yini. Na san masu digiri a cikinsu, na san waɗanda ko sakandare ba su gama ba. Layi ɗaya suke bi, kuɗi ɗaya ake ba su. Amma idan injin narka roba ya tsaya, wanda ya iya gyaransa ba ya bin layi, a waya ake kiransa, shi ne kuma yake yanka farashi. Ashe tambayar ba "digiri ko sana'a" ba ce. Tambayar ita ce: bayan shekarun nan da kuɗin nan, me yaron zai iya yi wanda wani zai biya shi a kai?

Littafi Mai Tsarki bai taɓa raina ko ɗaya ba. An koya wa Musa ilimin Masarawa, Daniyel ya yi karatun shekara uku a Babila, Luka likita ne. A Fitowa sura 31 kuwa, Bezalel ne Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin zinariya da tagulla da sassaƙa. Mutanen Nazarat sun san Ubangijinmu Yesu a matsayin massassaƙi, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna. Manzo Bulus ya haɗa biyun: ya yi karatu a gaban Gamaliyel, babban malamin Attaura, amma a Koranti ɗinkin tanti ne ya ciyar da shi. Mu da muke tsayar da ɗan da ya gama jami'a a gaban jama'a don godiya, yaushe rabon da mu tsayar da wadda aka yaye daga shagon ɗinki? Ni ma ina da laifi a nan.

Kada a ce fasto ya hana karatu. Likita da lauya da mai haɗa magunguna ba a koyon aikinsu a gindin bishiya, majemun Challawa ma suna bukatar wanda ya karanci sinadarai. Yaron da Allah ya ba ƙwaƙwalwa da nacin irin wannan karatu, ya kamata ikkilisiya ta haɗa hannu ta tura shi. Abin da nake tsoro shi ne iyali su ci bashi a kan fannin da yaron bai so ba, bai kuma san inda zai kai shi ba, don dai kada a ji kunya a gaban maƙwabta.

Koyon sana'a ma yana da nasa ramin. Akwai ogan da zai riƙe yaro shekara biyar yana aikensa sayo abinci, bai taɓa barinsa ya kwance inji ba. 'Yan'uwanmu Ibo a Sabon Gari suna da al'adar sallamar yaro da jari idan ya cika wa'adinsa, amma ko a can akan sami saɓani idan magana ta baka ce kawai. Saboda haka a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: shekara nawa, me za a koya masa, da me za a sallame shi. Idan ogan ɗan ikkilisiya ne, dattawa su sa hannu. Kuma kada a cire yaro daga sakandare; injunan yanzu da kwamfuta suke aiki, wanda bai iya karatu da lissafi ba zai tsufa yana miƙa wa wani sifana.

Akwai kuma hanyoyi a tsakani. Jarrabawar NABTEB tana ba mai sana'a takardar da zai ci gaba da karatu da ita. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Kano. Ɗalibin jami'a kuma yana da hutu, yana da watannin SIWES a masana'anta. A yajin aikin ASUU na 2022 ɗalibai sun zauna a gida wata takwas, lokacin da ya isa a koyi haɗa wutar sola ko gyaran waya a Farm Centre.

Uwar nan dai ban ce mata ta sayar da keken ba. Na roƙe ta ta kawo yaron, domin duk maganar nan ba wanda ya tambaye shi. Da ya zo, ya ce injiniyan lantarki yake so ya zama, fannin da aka ba shi kuwa ba shi ba ne. Muka shirya zai ƙarasa shekararsa ta uku a wurin oga, yana tara abin da yake samu, ya sake zana JAMB baɗi.