Abin da ke sa muryar rediyo dusashewa da nisa

Mazauna karkara sun daɗe suna kokawa da cewa tashar da ake ji tangaran a Kano ko Kaduna, kafin ta iso ƙauyukansu ta koma shuu da ƙaraf-ƙaraf. Wasu kan ɗora laifin a kan batir, wasu a kan hazo, amma tushen lamarin wata ƙa'ida ce ta kimiyya da ya kamata mai karatu ya sani, domin da ita ake auna kuɗin da ake zubawa a gidajen rediyo.

Igiyar rediyo, da zarar ta bar eriya, bazuwa take yi ta kowace kusurwa kamar hasken fitila a fili. Ko da babu dutse ko gini a gabanta, ƙarfin da ta fito da shi yana rarrabuwa a kan sarari mai ƙara faɗi. Idan nisa ya ninka biyu, abin da zai isa ga mai sauraro kashi ɗaya ne cikin huɗu. Idan ya ninka goma, kashi ɗaya cikin ɗari. Injiniya Harald Friis ya tsara lissafin wannan a 1946, kuma har yau da shi ake aiki. Ke nan, tashar da ke son ninka zangonta sai ta ninka wutarta sau huɗu, ban da asarar da tsaunuka da lanƙwasar ƙasa ke jawo wa tashoshin FM.

Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya isa misali. Na'urarsa ta aika saƙo ba ta wuce wat 23 ba, ga shi ya yi nisan sama da kilomita biliyan 24, har saƙonsa kan shafe kusan kwana guda a hanya. Duk da haka ana jin sa, domin ya saita eriyarsa daidai duniya, a nan kuma an kafa faya-fayai masu faɗin mita 70 a Amurka da Sifaniya da Ostareliya don tarar sa. Ashe dabara ta fi ƙarfi.

Darasi a nan ga hukumominmu shi ne, sayen babbar na'ura guda a ajiye a babban birnin jiha ba zai kai sanarwar rigakafi ko gargaɗin ambaliya ga manomin bakin iyaka ba. Ƙananan tashoshi kusa da jama'a sun fi arha, sun fi isar da saƙo. Jamhuriyar Nijar ta gane haka, inda take da gidajen rediyon al'umma sama da ɗari. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, ita ma murya sai an matso da ita kusa. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji.